Daliget da ilekta: yadda jam'iyyun jihohin Amurka ke cike kujerun da ƙuri'a ta raba

Duk shekarar da za a zaɓi shugaban ƙasa a Amurka, reshen kowace jam'iyya a jiha yana da jerin sunaye biyu da dole ya haɗa. Na farko na daliget ne, wakilan da za su je babban taron jam'iyya na ƙasa a watan Yuli ko Agusta su tsayar da ɗan takara. Na biyu na waɗanda ake kira ilekta ne, mutanen da za su zauna a jiharsu cikin watan Disamba su kaɗa ƙuri'ar da a hukumance ita ce ke naɗa shugaban ƙasa. Mutane kan cakuɗa su, alhali uwa ɗaya uba daban ne. Daliget yana ƙarƙashin dokokin jam'iyya, ilekta kuwa yana ƙarƙashin tsarin mulkin ƙasa da dokar jiha.

Abin da ya haɗa su shi ne wannan: ƙuri'ar jama'a tana yanke wa ɗan takara yawan kujerun da ya samu, amma galibi ba ita ke cewa wane ne zai zauna a kan kujerun ba. Wannan aikin na jam'iyyar jiha ne, kuma ana yin sa a tarukan da 'yan jarida ba su cika leƙawa ba. Kusan duk rikicin da aka taɓa yi a wannan harka, daga wannan giɓin ya ɓullo.

Kujera nawa jiha take da su

Uwar jam'iyya ta ƙasa ce ke yanka wa kowace jiha kasonta. Lissafin jam'iyyar Rifablikan ya fi sauƙin bi. Kowace jiha tana da kujeru 10 na jiha baki ɗaya, da kujeru 3 a kowace mazaɓar ɗan majalisar wakilai ta tarayya, da wasu 3 na shugabannin jam'iyya, wato ciyaman na jiha da namiji ɗaya da mace ɗaya da ke wakiltar jihar a kwamitin jam'iyya na ƙasa. Sai tukuici ga jihar da ta yi wa jam'iyya abin kirki. Idan ta zaɓi ɗan takararsu a zaɓen da ya wuce, ana ƙara mata huɗu da rabi haɗe da kashi 60 cikin ɗari na yawan ilektocinta, a cike abin da ya yi gutsure. Akwai kuma ƙarin ɗaya-ɗaya idan gwamna nasu ne, idan suna da aƙalla rabin 'yan majalisar wakilan jihar a tarayya, idan suna riƙe da zaure ɗaya na majalisar jiha, wani kuma idan suna riƙe da duka, sannan ɗaya ga kowane sanata nasu.

A gwada da Texas a 2024. Mazaɓu 38 sau 3 ya ba da 114. A ƙara 10 da 3, ya zama 127. Jihar ta zaɓi Trump a 2020 lokacin tana da ilekta 38, don haka tukuicinta 28 ne. Gwamna, da rinjayen 'yan majalisar tarayya, da zauruka biyu na majalisar jiha, da sanatoci biyu suka kawo 6. Jimilla 161, daga cikin 2,429 na ƙasa baki ɗaya, inda ɗan takara ke buƙatar 1,215.

Dimokurat suna auna abu biyu daidai wa daida: ƙuri'un da jiha ta ba 'yan takararsu a zaɓukan shugaban ƙasa uku na baya, da yawan ilektocinta. Suna kuma ƙara wa jihar da ta haƙura ta jinkirta zaɓenta zuwa Afrilu ko bayansa, don a rage turereniyar farkon shekara. A 2020 suna da daliget 3,979 masu alkawari, ana buƙatar 1,991, Kalifoniya kaɗai ta kawo 415.

Tsarin Dimokurat: kashi 15 da takardu

Tun fiye da shekara guda kafin babban taro, kowane reshen jiha na Dimokurat zai rubuta kundin yadda zai fitar da daliget, ya baje shi kwana 30 don jama'a su yi tsokaci, sannan ya miƙa wa kwamitin dokoki na uwar jam'iyya. Kwamitin na iya dawo da shi a gyara. Asalin wannan tsauri taron Shikago ne na 1968, inda Hubert Humphrey ya samu takara ba tare da ya tsaya zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba, saboda manyan jam'iyya ne ke riƙe da daliget. Kwamitin McGovern da Fraser da aka kafa bayan haka shi ya mayar da ƙarfi hannun masu ƙuri'a.

Kason jiha ana tsaga shi: kashi 75 cikin ɗari na mazaɓu ne, kashi 25 na jiha baki ɗaya, sannan a ɗora ƙarin kashi 15 don magadan gari na manyan birane da 'yan majalisar jiha da shugabannin jam'iyya. A kowane rukuni, wanda bai kai kashi 15 na ƙuri'u ba ba shi da komai, sauran kuma a raba musu gwargwadon abin da suka samu.

Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda ake yi. Mazaɓa tana da kujeru 5. Na farko ya samu kashi 46, na biyu 30, na uku 14, na huɗu 10. Za a jefar da na uku da na huɗu, saura 76. Kason na farko daga 76 ɗin ya zama kashi 60.5, na biyu 39.5. A ninka da 5, na farko yana da 3.03, na biyu 1.97. Kowa ya ɗauki cikakken adadinsa, 3 da 1, kujerar da ta rage ta tafi ga mai gutsure mafi girma, wato na biyu. An tashi 3 da 2. To da a ce kujerun 4 ne, da lissafin ya ba da 2.42 da 1.58, a tashi 2 da 2, tazarar maki 16 ta tashi a banza. Sai mutum ya haura kashi 62.5 kafin ya ci 3 cikin 4. Shi ya sa masu tsara kamfe ke zuba kuɗi a mazaɓun da adadin kujerunsu mara ne.

Da yake ana lissafin mazaɓa-mazaɓa, wanda ya faɗi a matakin jiha na iya tsira da wani abu. A Michigan a 2024, masu fushi da manufar Biden kan Gaza sun dangwala wa gurbin “ba mu tare da kowa” ƙuri'a sama da 100,000. Bai kai kashi 15 a jihar ba, amma ya haura a mazaɓu biyu, suka samu daliget 2. A Minnesota, inda suka haura a jiha baki ɗaya, 11 suka samu.

Sai batun mutanen da kansu. Mai son zama daliget zai cike takardar neman kujera, ya sa hannu a takardar mubaya'a ga ɗan takara guda, kafin ranar da aka tsayar. Jam'iyyar jiha ta tattara sunayen ta aika wa ofishin kamfen ɗin ɗan takarar, wanda ke da ikon soke duk sunan da bai yarda da shi ba, da sharaɗin a matakin mazaɓa ya bar aƙalla suna uku a kan kowace kujera. Wannan tankaɗe shi ne babban makamin Dimokurat a kan 'yan leƙen asiri. Daga nan a yi zaɓe, a wasu jihohi a kan takardar ƙuri'ar fidda gwani, a wasu kuma a taron mazaɓa bayan makonni.

Dole a raba kujeru tsakanin maza da mata, bambancin kada ya wuce ɗaya. Saboda haka mutum na iya zuwa na biyu a yawan ƙuri'a ya rasa kujera, don wadda ta rage ta mace ce. Ana fara cike na mazaɓu, sai na masu muƙamai, a bar na jiha baki ɗaya a ƙarshe don da su ake gyara sahu idan mata, ko matasa, ko baƙar fata, ko 'yan asalin Latin Amurka sun yi ƙaranci. Akwai tarko a nan: ɗan takarar da ya janye kafin a cike wannan rukuni na ƙarshe, a ƙa'ida kujerunsa na jiha baki ɗaya suna komawa ga waɗanda suka rage. Sai da Biden da abokin hamayyarsa Bernie Sanders suka yi yarjejeniya ta musamman a 2020 kafin mutanen Sanders su riƙe nasu.

Manyan daliget, wato gwamnoni da 'yan majalisar tarayya da membobin kwamitin ƙasa da tsofaffin shugabanni, su sama da 700, ba sa bin wannan layi, muƙaminsu ne tikitinsu. Tun gyaran 2018 an hana su ƙuri'a a zagayen farko na zaɓen ɗan takara a babban taro, sai in an riga an san wanda ya ci ba da su ba. Mai bin siyasar Najeriya zai tuna makamancin haka a 2022, lokacin da sashe na 84(8) na dokar zaɓe ya bar masu muƙamai a waje, daliget zaɓaɓɓu kaɗai suka fitar da 'yan takara. Bambancin shi ne daliget ɗin Amurka yawanci yana zuwa taro ne da ƙuri'arsa a rubuce, ba abin da za a yi ciniki a ɗakin otal, kuma kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa suke fita.

Alkawarin daliget ɗin Dimokurat na lamiri ne. Dokarsu cewa ta yi ya bi ra'ayin waɗanda suka zaɓe shi tsakaninsa da zuciyarsa. Wannan ne ya sa da Biden ya janye ranar 21 ga Yulin 2024, daliget ɗinsa suka koma wa Kamala Harris cikin 'yan kwanaki ba tare da an sake zaɓe ba.

Tsarin Rifablikan: kowa da kiɗansa

Uwar jam'iyyar Rifablikan ta sakar wa jihohi mara. Abin da ta ɗaure kaɗan ne: jiha ta miƙa tsarinta kafin 1 ga Oktoban shekarar da ke gaban zaɓe, wadda za ta yi zaɓe kafin 15 ga Maris ta raba kujeru gwargwadon ƙuri'a, in ban da jihohi huɗu da aka ba izinin farawa, tana iya sa shingen da bai wuce kashi 20 ba, kuma tana iya cewa wanda ya haura rabi ya kwashe duka. Daga 15 ga Maris kuwa, wanda ya zo na ɗaya ko da ƙuri'a guda na iya haɗiye komai. A 2016 Trump ya ɗauki duk 99 na Fulorida, John Kasich ya ɗauki duk 66 na Ohio a rana ɗaya. A South Carolina Trump ya tashi da duk 50 da kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'u, saboda ya zo na ɗaya a jiha da kowace mazaɓa.

A jihohi da dama ɗan takarar Rifablikan ba shi da ikon tankaɗe sunaye. Ana hawa tsani ne. A Texas, wanda ya yi ƙuri'a a zaɓen fidda gwani na Maris yana da damar halartar taron rumfarsa, inda wani lokaci mahalarta ba su cika benci biyu ba. Nan za a zaɓi masu zuwa taron gunduma, su kuma su zaɓi masu zuwa babban taron jiha. A can ne 'yan kowace mazaɓa za su ware ɗaki guda, su zaɓi daliget 3, da 'yan ko-ta-kwana 3, da ilekta 1. Na jiha baki ɗaya kwamiti ne ke tace su ya gabatar wa zaure. Duk wanda ya cika ɗakunan ƙasa da mutanensa, shi ke da na sama.

Magoya bayan Ron Paul sun nuna wa duniya haka a 2012. Na uku ya zo a Iowa, amma mutanensa ba su tafi gida ba bayan an ƙirga ƙuri'a. Suka zauna har aka zo zaɓen wakilai, suka bi tsanin mataki-mataki, a babban taro ya tashi da 22 daga cikin 28 na jihar. Bayan wannan ne jam'iyya ta kafa dokar cewa duk jihar da ta yi zaɓen gwada farin jini, dole ta ɗaure daliget ɗinta da sakamakon.

Ɗaurin ma yana da iyaka. A wasu jihohi zagaye ɗaya ne, a wasu biyu ko uku, daga nan kowa ya kama gabansa. A 2016 Ted Cruz ya yi ta cusa mutanensa a kujerun da Trump ya ci, da fatan in zagayen farko ya watse ba wanda ya kai daliget 1,237 da ake buƙata, su juya. Colorado ba ta yi zaɓen gwada farin jini ba a shekarar, Cruz ya kwashe duk 34 da aka zaɓa a taruka. Pennsylvania kuwa 17 kacal ta ɗaure daga cikin 71, sauran 54 an zaɓe su da sunayensu a takardar ƙuri'a ba tare da an rubuta wanda suke goyon baya ba.

Wani wurin tuntuɓe shi ne kalanda, domin majalisar jiha ce ke sa ranar zaɓen fidda gwani, jam'iyya kuma ke da dokar daliget. A 2008 Fulorida da Michigan sun yi riga malam masallaci, Dimokurat suka ƙwace duk kujerunsu, daga baya aka ba su rabin ƙuri'a, sai dab da taro aka maido musu duka. A Nevada a 2024 gwamnati ta yi zaɓenta ranar 6 ga Fabrairu, jam'iyyar Rifablikan ta yi nata taron ranar 8. Nikki Haley ta shiga na gwamnati wanda ba shi da daliget ko ɗaya, ta kuma sha kaye a hannun gurbin “babu ko ɗaya daga cikinsu”. Trump ya shiga na jam'iyya ya ɗauki 26. In rigima ta kai ga wa za a bari ya zauna a zaure, kwamitin tantancewa na babban taro ke yanke hukunci, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1975 da 1981 cewa a nan dokar jam'iyya ta fi ta jiha ƙarfi.

Ilekta

Su 538 ne: 435 na kujerun majalisar wakilai, 100 na dattawa, 3 na babban birnin tarayya. Mai 270 ya ci. Kalifoniya na da 54, Texas 40, Fulorida 30, mafi ƙanƙanta 3. Kowace jam'iyya tana haɗa cikakken jerin nata tun kafin Nuwamba ta miƙa wa hukumar zaɓen jiha. Mai dangwala wa ɗan takarar shugaban ƙasa, a haƙiƙa wannan jerin yake zaɓa, ko da yake a yawancin jihohi sunayen ba sa kan takarda.

Hanyar fitar da su ta bambanta. Mafi yawa a babban taron jiha ne, wasu kuma kwamitin zartarwa na jam'iyya ke naɗawa. A Pennsylvania ɗan takarar shugaban ƙasa ne da kansa ke ba da sunaye. A Kalifoniya, kowane ɗan takarar majalisar wakilai na Dimokurat yana naɗa mutum ɗaya, biyun da suka rage kuma na 'yan takarar sanata ne. A Wisconsin masu muƙaman jiha da 'yan takarar majalisar jiha na jam'iyya ke haɗuwa a Talatar farko ta Oktoba su zaɓa. Galibi kujera ce ta karramawa ga tsofaffin 'yan jam'iyya. Bill da Hillary Clinton duk sun kasance ilektocin New York a 2020.

Tsarin mulki ya haramta wa sanata, da ɗan majalisar wakilai, da duk mai riƙe da muƙamin gwamnatin tarayya. Jam'iyyar da ta yi sakaci a nan tana iya jawo wa kanta masifa. A zaɓen 1876, wanda ƙuri'a ɗaya ta raba, an gano ɗaya daga cikin ilektocin Oregon shugaban gidan waya ne, wato mai muƙamin gwamnatin tarayya, kuma batun ya shiga cikin taƙaddamar da ta kai har watan Maris. Haka kuma ilekta ba zai ba 'yan jiharsa duka ƙuri'unsa biyu ba, na shugaba da na mataimaki. Dalilin da ya sa ke nan Dick Cheney, ɗan takarar mataimaki, ya mayar da rajistarsa Wyoming a 2000, tunda shi da George Bush duk a Texas suke zaune.

Jihohi 48 da babban birni suna ba wanda ya zo na ɗaya duka ilektocinsu. Maine tun 1972 da Nebraska tun 1992 suna ba da biyu ga wanda ya ci jiha, ɗaya-ɗaya ga wanda ya ci kowace mazaɓa. Haka Obama a 2008, Biden a 2020 da Harris a 2024 suka tsinci ƙuri'a ɗaya a Nebraska, Trump kuma ya tsinci ɗaya a Maine sau uku a jere.

Inda tsarin ke yoyo shi ne lokacin zaɓen mutanen. Jihar da ke fitar da ilektocinta a taron Mayu ko Yuni tana iya cika jerin da magoya bayan wanda ya faɗi takara. A 2016 mutum bakwai suka saɓa. Huɗu a jihar Washington, uku daga ciki suka zaɓi Colin Powell; ɗaya a Hawaii ya zaɓi Sanders; biyu a Texas suka ba Kasich da Ron Paul. Wasu uku a Colorado da Minnesota da Maine sun gwada, aka sauya biyu nan take, na ukun aka sa shi ya sake ƙuri'a. Washington ta ci nata tarar dala 1,000 kowanne, suka kai ƙara, ranar 6 ga Yulin 2020 Kotun Ƙoli ta yanke baki ɗaya cewa jiha na da ikon ɗaure ilekta da hukunta shi. Sama da jihohi 30 suna da irin wannan doka, sai dai a wasunsu rantsuwa ce kawai ba hukunci. Dokar da ta fi aiki ita ce wadda ke ɗaukar ƙuri'ar saɓawa a matsayin murabus, a cike gurbin a cikin ɗakin. Wani lokacin ma ba tawaye ba ne, a 2004 wani ilektan Minnesota ya rubuta sunan John Edwards, ɗan takarar mataimaki, a takardar shugaban ƙasa maimakon John Kerry, kuma da yake ƙuri'ar sirri ce, haka aka ƙirga ta.

Zama cikin jerin jam'iyya bai mai da mutum ilekta ba. Sai an kammala tattara sakamako, gwamna ya sa hannu a takardar shaidar da ke ɗauke da sunayen waɗanda suka ci, aƙalla kwana shida kafin ranar zama. A 14 ga Disamban 2020, 'yan jerin Rifablikan a jihohi bakwai da Biden ya ci sun zauna sun sa hannu a takardun kansu ba tare da wannan shaida ba. Na Pennsylvania da New Mexico sun saka sharaɗin cewa takardarsu za ta yi aiki ne kawai in kotu ta juya sakamako. A Michigan da Georgia da Arizona da Nevada kuwa an tuhumi wasu daga cikinsu a kotu. Dokar da majalisa ta yi a 2022 ta toshe ƙofofin: jiha ba za ta sauya hanyar naɗa ilekta bayan ranar zaɓe ba, mataimakin shugaban ƙasa aikinsa buɗe ambulan ne kawai, kuma ƙorafi a kan ƙuri'un wata jiha sai ya samu sa hannun kashi ɗaya bisa biyar na kowane zaure, maimakon sanata ɗaya da ɗan majalisa ɗaya kamar da.

Ranar zama ita ce Talatar farko bayan Laraba ta biyu a Disamba, wadda a 2024 ta faɗo 17 ga wata. Ba sa haɗuwa wuri guda, kowane rukuni a jiharsa yake zama, yawanci a ginin majalisar jiha. In wani bai zo ba, waɗanda suka halarta kan cike gurbinsa bisa dokar jihar kafin a fara. Su kaɗa ƙuri'ar shugaba daban, ta mataimaki daban, sannan su sa hannu a kofe shida na sakamakon, kowanne a haɗe da takardar gwamna: ɗaya ga shugaban majalisar dattawa, wato mataimakin shugaban ƙasa, biyu ga babban jami'in zaɓe na jiha, biyu ga shugaban ma'adanar tarihi ta ƙasa, ɗaya ga alƙalin kotun tarayya na yankin. Ranar 6 ga Janairu ake buɗe su a zaman haɗin gwiwa na majalisun biyu. A na 2025 an ƙirga 312 ga Trump, 226 ga Harris, ba ilekta ko ɗaya da ya kauce.